Sanin Doki Ba Ya Cin Caca

A cikin dukan masu zuba kuɗi a wasan sa'a, babu wanda ke ƙin a kira shi ɗan caca kamar mai zuba wa dawaki. Ɗan karta ya san abin da yake yi, shi ya sa yake laɓewa a kango. Mai sayen tikitin da ake kankarewa ya san sa'a kawai ya fito nema. Amma mai dawaki, da zarar ka taɓo zancen zai gyara zama ya ce maka shi nazari yake yi: ya san doki, ya san mahayi, ya san fili, ya san nauyin da aka ɗora wa kowane. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ya sani ɗin. Matsayina a wannan mako shi ne, wannan sanin nasa na gaske ne, amma shi ne abin da ya fi kome riƙe shi a cikin asara, domin an tsara wasan ta yadda ilimin mutum ɗaya mai biro da takarda ba zai cike giɓin da ake cirewa daga kuɗinsa ba.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai iya cewa ai wannan zancen Turawa ne. To, ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ko ya gangara Garwa da Marwa a Kamaru, ya duba ƙananan rumfunan da ke bakin titi masu ɗauke da haruffa uku, PMU. A Nijar hukumar cacar gwamnati, LONANI, ke tafiyar da su, a Kamaru kuwa kamfanin PMUC. Dawakin da ake zuba wa kuɗi a waɗannan rumfuna ba sa gudu a ƙasashen nan. A Faransa suke sukuwa, a filayen Longchamp da Chantilly da Saint-Cloud da Deauville, wasu ranakun kuma masu jan keke a Vincennes ko masu tsallake shinge a Auteuil. Tsarin ma daga can ya zo. Wani mazaunin Paris mai suna Joseph Oller ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, dokar Faransa ta amince da shi a filin sukuwa a 1891, sannan aka ba da damar karɓar kuɗi a wajen fili har PMU ta fara aiki a 1931. A 1954 André Carrus ya fito da tiyarse, wato cankar dawaki uku na farko, a 1989 kuma aka kawo kinte mai dawaki biyar. Daga baya ƙasashen da Faransa ta raina suka ɗauko abin suka shimfiɗa a titunansu.

Ranar mai wannan harka tun daren jiya take farawa, lokacin da takardar tseren gobe ta shigo hannunsa. Gari na wayewa za ka same shi a bencin mai shayi, biro a bayan kunne, takarda a kan gwiwa. Kowane layi doki ɗaya ne: lambarsa, sunansa, shekarunsa, nauyin da zai ɗauka, mahayinsa, mai horar da shi, ƙofar da zai fito, sai kuma wani jerin lambobi da haruffa kamar haka: 3p 1p 0p 5p. Wanda bai sani ba zai ga shirme ne. Shi kuwa yana dubawa zai gaya maka cewa a tserensa na ƙarshe dokin ya zo na uku, kafin nan ya yi na ɗaya, kafin nan kuma bai shiga cikin tara na farko ba, duk a fili marar shinge. Daga nan sai tambayoyi su biyo. Ranar da ya yi na ɗayan, mita 1,600 aka gudu ko 2,400? An yi ruwa a Paris jiya? Idan ƙasa ta jiƙe akwai dokin da ƙafarsa ke nutsewa ya mutu murus, akwai wanda a nan ne yake farkawa. Longchamp ta dama ake kewaya shi, Saint-Cloud ta hagu, kuma wani dokin ba ya son kwana ta wani gefen. Yau an sa masa marufin gefen ido ko an cire? Me ya sa babban mahayi ya bar wancan ya hau wannan? Sunaye irin su André Fabre da Christophe Soumillon da Maxime Guyon a bakinsa suke kamar na mutanen unguwarsu.

Kafin a rufe karɓar kuɗi zai bi layi ya miƙa lambobinsa. Daga nan har sakamako ya fito, jikinsa na wurin aiki, hankalinsa na Faransa. Sakamako ya iso ta waya ko a allon rumfa, sai a shiga zaman da ya fi kowane tsawo, zaman da-na-sani. Wannan ya ce ai lamba bakwai tana cikin lissafinsa tun dare, da safe wani ya ruɗe shi ya cire. Wancan ya ce huɗu ya samu cikin biyar, saura ƙiris. Kafin isha takardar gobe ta fito, an koma farko.

Ba na raina wannan wahala. Abin da mutumin nan ke nazari ilimi ne mai tushe. Jinsin dawakin sukuwa masu asali Turawan Ingila suka tsara shi, kuma duk wanda ke gudu a yau, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, ga ɗaya daga cikin ingarmu uku take tuƙewa: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka kai Ingila daga Halab a 1704, da Godolphin Arabian. Tun 1791 ake rubuta nasabarsu a kundi. Dabba ce mai nauyin kusan kilo 500 da ke gudun kusan kilomita 60 a awa, kuma kusan duk abin da ta yi a fili a rubuce yake. Shi ya sa sukuwa ta bambanta da jefa ƙuri'a: doki ya fi doki, kuma mai lura yana iya gane wanda ya fi. Shaidar haka ita ce, a ƙasashe daban-daban da zamani daban-daban, dokin da jama'a suka fi zuba wa kuɗi yana cin kusan tsere ɗaya cikin uku. Da sa'a ce zalla, a fili mai dawaki goma da sau ɗaya cikin goma zai ci.

To, in haka ne, me ya hana masani cin riba? Amsar tana cikin yadda ake raba kuɗin.

Kowa ya san adashi. Mutum goma ku zuba, kowa ya ɗauka idan layinsa ya zo, a ƙarshe abin da ka zuba shi za ka kwasa, in ban da ɗan abin da aka ba uwar adashi. Cacar dawaki ta PMU adashi ce da aka sauya wa sharuɗɗa biyu. Na farko, babu layi: wanda ya canka ne kawai ke ɗauka. Na biyu, uwar adashi tana cire nata tun kafin a saki dawaki, a kowane zubi, kuma nata ba kaɗan ba ne. A Faransa kanta, idan aka haɗa dukan nau'o'in wasan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba ba ya komawa hannun masu zubawa. A Amurka ana cire wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a cankar doki ɗaya, a cankar dawaki da yawa kuma abin ya haura haka. Mai rumfa bai damu da wanda ya yi na ɗaya ba. Ko fari ya ci ko baƙi, shi ya riga ya ci.

Mu ɗauki kashi ɗaya cikin huɗun nan mu bi shi a hankali. Jama'ar wata unguwa sun zuba sefa 10,000, an dawo musu da 7,500. Washegari suka sake zuba abin da ya dawo, ya zama 5,625. Rana ta uku ya koma 4,219. Bayan an yi zagaye takwas, abin da ya rage a hannunsu gaba ɗaya bai wuce sefa 1,000 da 'yan kai ba. Babu wanda ya yi musu maguɗi, babu wanda ya saye mahayi. Lissafi ne kawai ke aikinsa. Ma'anar wannan ga mai nazari ita ce, sanin doki kaɗai bai ishe shi ba. Kafin ya tashi ba ci ba asara, sai ya fi matsakaicin mai zubi iya canka da kashi ɗaya cikin uku, kullum, shekara da shekaru. Su kuwa waɗanda yake so ya fi, takardar da yake karantawa ita suke karantawa. Idan doki ya fito fili da kyau, kowa ya gan shi, kowa ya zuba masa, idan ya ci sai a raba kuɗin gida dubu, kowa ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma abin da masu rumfa ba sa yawan faɗa game da tseren da ake zaɓa domin babbar cacar rana. Idan na fili ne, galibi irin wanda ake daidaita nauyi ne. Akwai jami'in da aikinsa ke nan: ya duba ƙarfin kowane doki, ya ƙara wa mai ƙarfi nauyi, ya rage wa mai rauni, da nufin a ce dukansu za su iso layi kai ɗaya. Wato duk fifikon da mutuminmu ya kwana yana tonowa, wani ƙwararre mai albashi ya riga shi gani, ya kuma ɗora dalma a sirdi don ya shafe shi. Sannan ana zaɓen tsere mai dawaki da yawa. Idan dawaki 16 ne, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne. Biyar na farko kuwa, 524,160. A ce iliminsa ya kai ya zubar da rabi, ya tabbata biyar ɗin suna cikin takwas da ya ware, har yanzu saura jeri 6,720. Mai yankar tikiti ɗaya a rana zai haura shekara 18 kafin ya yanki tikiti masu wannan yawa. Gaskiya ne ana biyan wanda ya samu dawakin ba a jere ba, amma wannan ɗan kuɗi ne da ke mayar da mutum layi gobe. Babban kuɗin da yake mafarki yana bayan waɗancan dubbai.

Bayan duk wannan, doki rai gare shi. A 1956, a tseren Grand National na Ingila, dokin mahaifiyar Sarauniya mai suna Devon Loch yana gaba da tazara, saura kamar mita 40 ya kai layi, sai kawai ya baje a ƙasa babu wanda ya taɓa shi, har yau ana gardamar dalili. A 2022, a tseren Kentucky Derby na Amurka, wani doki mai suna Rich Strike wanda aka taɓa saya dala 30,000, wanda kuma bai samu gurbi ba sai ana gobe tsere bayan wani ya janye, ya zo ya doke manyan da duk masana suka yi ittifaƙi a kansu. Ninki 80 aka biya waɗanda suka zuba masa. Daga ranar bai sake cin tsere ba har ya yi ritaya. Wace takarda ce za ta nuna wa mutum wannan?

Masu harkar za su ce ai akwai waɗanda suka yi arziki da ita. Akwai, kuma labarinsu ya cancanci a ji shi dalla-dalla, domin hujja ce a kansu. Andrew Beyer, marubucin jaridar Washington Post, ya fito da hanyar auna gudun doki da lamba ɗaya, wadda ke la'akari da saurin fili a ranar da aka yi tseren, ya bayyana ta a littafinsa na 1975. Lokacin da mutane ƙalilan ke wahalar yin wannan lissafi da hannu, sun ci moriyarsa. A 1992 jaridar masu sukuwa ta Daily Racing Form ta fara buga lambobin ga kowa, sai fifikon ya narke, domin abin da kowa ya sani ya riga ya shiga farashi. Duk sirrin da aka buga a takarda aka sayar a bakin titi ya tashi daga sirri.

Sai Bill Benter, Ba'amurke da ya tafi Hong Kong, shi da abokinsa Alan Woods. Ya zaɓi wurin ne saboda filaye biyu kacal ake gudu, Happy Valley da Sha Tin, dawakin kuma dubu da 'yan kai ne masu ta karawa da juna, ga kuɗi mai yawa a cikin wasan. Ya shafe shekaru yana gina manhajar kwamfuta mai auna abubuwa fiye da 100 game da kowane doki, da farko ma ya tafka asarar mafi yawan jarinsu. Mujallar Bloomberg Businessweek ta ruwaito a 2018 cewa abin da ya samu ya kusa dala biliyan ɗaya. Tambayar da ya kamata mai bencin shayi ya yi ita ce: daga aljihun wa wannan kuɗi ya fito? Hukumar sukuwa ta cire nata tun farko. Kowace dala da Benter ya ɗauka, wani mai biro da takarda ne ya zuba ta. A yau a manyan kasuwannin sukuwa na duniya akwai ƙungiyoyi masu kwamfuta da ke zuba maƙudan kuɗi a daƙiƙun ƙarshe, har ana mayar musu da wani kaso na abin da suka zuba saboda yawansa. Samuwar irin waɗannan ƙara wa ƙaramin ɗan wasa asara take yi. Wanda ya ci kuwa, da jari da ma'aikata da injuna ya ci, abubuwan da mutuminmu ba shi da ko ɗaya.

Me ya sa mai hankali, wanda ya iya lissafin nauyi da mita, ba ya ganin wannan? Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura. A 1968 wasu masana biyu, Knox da Inkster, sun tsaya a filin sukuwa na Vancouver a Kanada suna tambayar mutane yadda suke ganin damar dokinsu. Waɗanda aka tambaya bayan sun miƙa kuɗi sun fi waɗanda ke kan layi tabbaci, alhali dokin bai canza ba a cikin wannan ɗan lokaci. Miƙa kuɗin ne ya ƙara musu yaƙini. A 2009 kuma wani bincike a Jami'ar Cambridge ya nuna cewa kusan-ci yana motsa sassan ƙwaƙwalwar da ci na gaske ke motsawa, yana kuma ƙara sha'awar sake gwadawa. Cacar dawaki biyar kuwa kusan-ci take rabawa kowace rana. Wanda ya samu huɗu cikin biyar ba ya jin ya yi asara, ji yake ya kusa ƙwarewa. Ɗan karta idan ya faɗi yakan ce yau ba sa'a. Mai dawaki idan ya faɗi cewa yake bai yi nazari sosai ba, saboda haka maganin asararsa a wurinsa shi ne ƙarin nazari da ƙarin zubi.

Na san wani dattijo a Damagaram, malamin makaranta mai ritaya, mutum mai tsabta da natsuwa wanda babu mai jin kansa da kowa. Ya taɓa buɗe mini akwatin ƙarfe cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane shafi an ja masa layi da rula. Dawakin da ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa da jan biro ya rubuta su, masu son busasshiya da shuɗi, ga kwanan wata, ga sunan fili, ga mahayi, rubutu kamar na ɗab'i. Na juya shafuka har na gaji, sannan na ce, "Baba, ina wurin da ake rubuta abin da aka zuba da abin da ya dawo?" Ya rufe littafin a hankali ya ce, "Ɗana, wannan ba a rubuta shi." Muna zaune uwargidansa ta leƙo daga bakin zaure ta ce, "Malam, geron nan fa ya ƙare." Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, "To, bari dai mu ga na yau." Ba ta ce kome ba ta koma ciki. Daga baya na ji cewa da kuɗin ƙuli-ƙulin da take yi ake cike cefanen gidan idan wata ya yi nisa.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Mutumin bai sayar da gida ba, bai yi sata ba, babu ranar da za a nuna a ce yau ya halaka. A hankali abin ke tsiyayewa. Sefa 500 a rana, a shekara 182,500 ke nan, a Nijar, ƙasar da mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanka ya zama sefa 42,000 a wata tun 2024. Ko da wani abu yana dawowa, ba ya dawowa gida, rumfa yake komawa. Ga lokaci, ga hankali, ga fara'ar maigida da ta dogara da abin da wata dabba ta yi a wata ƙasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da sauran cututtukan jaraba a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya na fama da ita. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da mata ko miji, da 'ya'ya, da masu binsa bashi.

Akwai hujjoji uku da ake kare harkar da su, kuma ya kamata a amsa su da adalci. Ana cewa nishaɗi ne, kowa da abin da yake kashe wa kuɗi. Na yarda akwai mai iya tsayawa a ɗan abin da ya ware. Amma wanda ya sayi nishaɗi ya san ya kashe kuɗi, ba ya cewa iyalinsa su jira ribar. Ranar da aka fara lissafin tikiti a cikin hanyoyin samun gero, an bar zancen nishaɗi. Ana cewa tana samar da aiki da kuɗin shiga ga gwamnati. Haka ne, amma a duba daga wa ake karɓa. Mai hali ba ya bin layin rumfa. Haraji ne da ke faɗawa a kan mai gadi da tela da ɗan fansho, kuma babu gwamnatin da za ta iya fitowa fili ta ce ta ɗora wa talaka harajin kashi ɗaya cikin huɗu. Ana kuma cewa caca ce ke raya sukuwa. A Faransa wannan gaskiya ne, domin ƙungiyoyin sukuwa ne ke da PMU, kuma kuɗin na komawa ga kyaututtuka da masu kiwo da barga. Amma dokin da ke gudu a Chantilly ba ya cin harawar Maraɗi, ba badukun Damagaram ke ɗinka masa sirdi ba, ba maƙerinmu ke ƙera masa linzami ba.

Mu kuwa ba baƙin doki ba ne. Al'ummar da ta raba akawal da kili da bidi da danda da hurde da gunya, wadda ke da sarautar Shamaki, wadda ke cika titi ranar hawan sallah da hawan daushe, ba ta buƙatar tikiti kafin ta so doki. Addininmu ma bai hana sukuwa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere tsakanin horarrun dawaki daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i a Madina. Malaman fiƙihu sun halatta a ba wanda ya yi nasara kyauta idan daga hukuma ko wani na gefe ta fito. Abin da aka haramta, a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, shi ne caca, kuma kuɗin da ɗan kallo ya zuba a kan dokin wani yana cikinta babu saɓani. An raba doki da tikiti tun tuni, kuma ana iya rabawa a yau. Gasar Dubai da aka fara a 1996 da ta Saudiyya da aka fara a 2020, mai kyautar dala miliyan 20, shekara da shekaru ana yin su babu tagar caca a filin. Na san su kuɗin mai ke ɗauke da su, mu kuma ba mu da irin wannan aljihu. Amma tseren gari ba ya buƙatar miliyoyin daloli. Yana buƙatar fili mai kyau, alƙalai masu gaskiya, likitan dabbobi, da attajirai da kamfanoni da masarautu da za su sa kyauta.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin da ke sayar da wannan wasa su buga a jikin kowane tikiti, da manyan lambobi, kashi nawa ake cirewa daga kowane sefa 100, da kuma yawan jerin da ake canka a ciki. Mai sayar da magani yana rubuta illarsa a kwali, babu dalilin da zai sa a ɗauke wa mai sayar da caca. A hana yara kusantar rumfa, a hana bayar da tikiti bashi. A ware wani kaso na ribar domin asibitoci su samu masu kula da wanda jarabar ta kama, domin kunyata shi a majalisa ƙara ɓoyewa kawai take sa shi. A Nijeriya, inda Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a watan Nuwamba na shekarar cewa jihohi ke da hurumin tsara harkar, kada a ɗauka rufe shago ya gama aiki. Cacar ta koma cikin waya, kuma saurayin da ke kwana yana nazarin ƙungiyoyin ƙwallo tarkon da ya kama mai dawaki shi ya kama shi. Malamanmu idan za su yi wa'azi a kan caca, su haɗa aya da lissafi, domin da yawa daga masu yi sun san haramun ce, abin da ba su yarda da shi ba shi ne cewa ba za su ci ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai takarda da biro, ban ɗauke ka wawa ba. Wanda ya iya riƙe tarihin dawaki ɗari a kansa, ya auna nauyi da nisa da yanayin ƙasa, yana da ƙwaƙwalwar da za ta iya bin farashin wake da albasa daga kasuwa zuwa kasuwa, ko ta riƙe lissafin shago, ko ta yi kiwo. A waɗannan wurare sani yana biya, domin babu wanda ke cire rubu'in jarinka kowace safiya kafin ka fara. Tunda kai mai bin hujja ne, yi wa kanka adalcin da kake yi wa dawaki: daga farkon watan gobe ka rubuta kowane sefa da ka miƙa da kowane sefa da ka karɓa, kada ka tsallake rana ko ɗaya. Idan wata ya ƙare ka haɗa jimla, ka nuna wa wanda ke cin abinci daga hannunka, sannan ku yanke shawara tare.